Dutsen Da Ba A Takawa

An saki Rodney Callanna ranar Juma'a da ƙarfe biyar da kwata na yamma, bayan kwana biyu a hannun 'yan sanda, ba tare da an kai shi gaban alƙali ba. Ƙoƙon kan mutum da aka ce ya sata, an same shi sa'a ɗaya kafin nan, cikin akwatin hula, an naɗe shi da bargon ulu. Wadda ta warware maganar ba 'yar sanda ba ce. Dulcie Callanna ce, mai shekara sittin da tara, mai bin sawu daga arewa, 'yar ƙabilun asali na ƙasar, yayar mahaifiyar Rodney. Abin da ta dogara da shi kuwa taku ɗaya ne a cikin taɓo.

Abin ya faru a Port Adelaide cikin watan Yuni, lokacin sanyin ƙasar, a tsohon shagon Harbottle da ke bayan tashar jiragen ruwa. A da igiya da kwalta ake sayar wa jirage a wurin. Yanzu shi ne zangon ƙarshe na Yawon Fitila, wanda ke ɗaukar baƙi ƙarfe bakwai na yamma ya zaga da su lungunan unguwar, ana nuna musu inda aka rataye wane da tagar da fatalwar wance ke leƙowa. Daga ƙarshe a saukar da su ɗakin ƙarƙashin shagon, inda ƙoƙon kan wani ma'aikacin jirgi ɗan Norway, wai shi Anders, yake cikin akwatin gilashi.

Daren Litinin teku ta yi tumbatsa, ruwa ya tsattsafo ta daɓen ɗakin kamar yadda yake yi sau biyu ko uku a shekara. Ranar Talata Rodney, wanda ke yi wa kamfanin yawon aiki, ya zo da injinsa ya zuƙe ruwan, ya bar taɓo mai laushi shimfiɗe bango zuwa bango. Ya ajiye dogayen takalmansa na roba a bakin matakala su bushe, ya tafi ƙarfe huɗu. Ƙarfe biyar mai kamfanin, Graeme Tillbrook, ya leƙa ya ga ƙoƙon a wurinsa. Laraba da safe akwatin wayam. A cikin taɓon akwai sawu layi ɗaya, zuwa da dawowa, kuma na takalman Rodney ne.

Kafin tsakar rana unguwa ta gama yanke hukunci. Yana da makulli. Mako uku da suka wuce ya tsaya gaban baƙi ashirin ya ce wa Tillbrook in bai fitar da ƙoƙon nan ba, shi zai fitar da shi da hannunsa. Kuma kowa ya san ɗaurin talala yake yi. Saura wata goma sha takwas a wuyansa, kuma ranar Litinin hukuma za ta zauna ta duba ko a mayar da shi ciki ya ƙarasa.

*

Dulcie ta sauka daga motar Port Augusta ranar Alhamis da safe, da jaka ɗaya da sandarta. Ba ta tsaya shan shayi ba.

"Inna, wa ya kira ki?" in ji Rodney da aka shigo da shi ɗakin ganawa. Namiji ne ƙato, mai shekara arba'in da ɗaya, amma ya zauna yana kallon tebur.

"Matarka. Kai ai ba ka da baki sai a gaban baƙi."

"Ban ɗauka ba."

"Na tambaye ka?"

"Amma na so in ɗauka." Ya ɗago. "Kin ga haƙoransa kuwa? Sun siɗe sun yi daidai, irin na tsofaffinmu masu cin garin da aka niƙa a dutse. Wane ɗan Norway ke da haƙora haka? Suna haska shi da fitila, mata suna ihu, ana ɗaukar hoto da shi."

"Ƙasar wa ce nan?"

"Ta ƙabilar Kaurna."

"To da ka ɗauka, ina za ka kai shi? Ƙarƙashin gadonka?"

"Shi ya sa ban taɓa ba. Ba namu ba ne. Na ce sai na samu wani dattijonsu tukuna."

Dulcie ta gyaɗa kai. Amsar da take nema ke nan. "Tashi ka je bakin ƙofa ka dawo."

Ya yi dariya a karon farko. "Ke da kika san sawuna tun ina rarrafe?"

"Kurkuku yana canja tafiyar mutum. Tashi."

Ya tashi, ya je, ya dawo. Ƙafar hagunsa tana karkata waje kamar kullum, tun faɗuwar da ya yi daga babur yana ɗan shekara goma sha shida. Takunsa dai ya ɗan gajarta, kamar na wanda ya saba da ƙaramin ɗaki. Ba ta gaya masa ba.

*

Saje Voula Manos ce ke riƙe da binciken. Shekara ashirin da suka wuce, tana sabuwar kurtu a arewa, ta bi bayan Dulcie kwana uku a daji suna neman wani tsohon mai haƙar duwatsu da ya ɓata, kuma suka same shi da rai.

"Anti, kin san shaidarki ba za ta shiga kotu ba," in ji ta tana buɗe ƙofar shagon. "Uwarsa ce ke."

"Ni ba kotu na zo ba. Wurinki na zo."

"Kuma lokaci babu. Daren gobe ruwa zai sake hawa, duk abin da ke ƙasan nan ya shafe."

Suka sauka. Ɗakin dogo ne, yana warin gishiri da tsohuwar kwalta. Ginshiƙai biyu sun tsaya kusa da juna a tsakiyarsa, hanya ta bi ta tsakaninsu zuwa teburin da akwatin gilashin yake kai. 'Yan sanda sun shimfiɗa katako a jikin bango don kada a taka taɓon.

"Kashe ƙwan nan," in ji Dulcie. "Hasken sama ba ya nuna komai sai datti."

Voula ta kashe. Dulcie ta durƙusa da ƙyar, ta kwantar da tocila a kan katako, haske ya bi fuskar taɓon a kwance. Kowane sawu ya fito da inuwarsa.

Ta fara da kusurwar da injin ya zauna. "Wannan Rodney ne. Dubi hagun." Sannan ta juya hasken zuwa layin da ya nufi tebur, ta daɗe tana kallo. "Wannan takalminsa ne. Shi ba ya ciki."

"Ta yaya?"

"Dubi bakin takalmin. Da ƙyar ya taɓa ƙasa, don ba yatsu a wurin. Dubi diddige, yana jan taɓo duk taku, takalmin yana neman saɓulewa. Ƙaramar ƙafa ce a cikin babban takalmi. Kin taɓa sa takalmin babanki kina yarinya?"

"Na taɓa."

"To haka kika yi tafiya."

Suka bi katakon a hankali. A gaban tebur sawun ya tsaya, ƙafa biyu a haɗe, sun lume har taɓo ya taso ta gefensu. Murfin gilashin yana jingine da ƙafar tebur, ko tsagewa bai yi ba.

"Mai wannan ƙafa ya daɗe a tsaye a nan," in ji Dulcie. "Minti biyar, ko fiye. Ɓarawo ba ya tsayawa haka. A zuwa ya dafa ginshiƙi, ga hannunsa a jikin farar ƙasa. A dawowa bai dafa ba, hannu biyu ya sa ya riƙe abin."

Sai ta koma tsakanin ginshiƙan ta sake kwantar da tocilar. Takun gajeru ne tun daga matakala, ɗaya bayan ɗaya, daidai wa daida. A na bakwai sai ƙafar ta buɗe, ta yi dogon taku guda, sannan ta koma yadda take. A dawowa ma haka, a daidai wurin, duk da kayan da ke hannu.

"Me ke nan?"

"Taɓo, Anti."

"Ƙarƙashin taɓon nake nufi."

"Daɓe ne. Duwatsu iri ɗaya, na gani a hotunan kamfanin."

Dulcie ta duba. Babu rami, babu tudu, babu abin da ido zai gani ya tsallake. Abu ɗaya kawai ta lura da shi: taɓon wurin ya riga sauran bushewa, ya ɗan lotsa. Ta ajiye wannan a ranta.

"Wa da wa ke da makulli?"

"Rodney, da Tillbrook, da masu jagoran yawon su biyu, Tegan Nitschke da Noelene Pascoe."

"Ɗauki hoton duk wannan da hasken a kwance. Sannan ki nuna min su."

*

Graeme Tillbrook ɗan ƙaramin mutum ne mai tsafta, takalminsa na fata yana ƙyalli. Dulcie ta dubi ƙafarsa kafin fuskarsa. Za ta shige takalmin Rodney da sauran wuri.

"Madam, ba ni da komai da ɗanki," in ji shi daga bayan teburinsa. Wayarsa tana ta ƙara, yana kifewa. "Ni na ba shi aiki lokacin da kowa ya ƙi. Ga sakayyar."

"Kasuwa ta tsaya ke nan?"

Ya ɗan yi tari. "Mutane suna son labari. Yau dai mun cika."

"Kafin a sace fa?"

"Sanyi ake yi. Ba a cika fitowa ba." Ya gyara alƙalamin da ba abin da ya same shi. "In kuna neman wani banda shi, ku tambayi Tegan. Akwai wani mai tara irin waɗannan abubuwa da ya yi mata magana bara. Ni dai abin da nake so, a dawo min da Anders kafin Asabar ta sama. Masu talabijin za su zo, na riga na sa an yi masa wuri a tagar gaba. An gano inda yake?"

"Wa ya san za ka mayar da shi taga?"

"Kowa. Na faɗa a taron ma'aikata ranar Litinin."

A waje Voula ta ce, "Shi ne ya fi kowa cin riba."

"Haka ne," in ji Dulcie. "Amma mutumin da yake goge takalminsa haka, ban ga shi cikin takalmin wani ba. Sayo min tikitin yawon nan."

*

Mutum ashirin da takwas suka taru gaban shagon da faɗuwar rana. Tegan Nitschke ta fito cikin baƙar doguwar riga, da fitila a hannu, ta ja su. Dulcie ta bi a baya da sandarta. Ta ji labarin matar da ke jiran jirgin mijinta, da na mai yanka da aka binne a bango. Ba ta saurara sosai ba, ƙafafu take kallo.

Da suka dawo shagon, Tegan ta tsayar da su a bakin matakala, inda igiyar 'yan sanda ta tare hanya, ta sassauta murya.

"A ƙasan nan ake saukar da ma'aikatan jirgi, a ba su giya da magani, su farka a tsakiyar teku an sayar da su. Anders ya farka da wuri. Ya kai taku bakwai daga matakala, tsakanin ginshiƙan can, aka sauke masa guduma a ka. A kan dutsen nan ya faɗi. Tun daga ranar ba wanda ke taka shi. Wanda ya taka, kada ya hau ruwa a shekarar."

Wata mata ta ƙanƙame mijinta. Dulcie ta ƙirga a ranta, ta samu bakwai.

Bayan an watse ta samu Tegan a bayan shagon, ta cire hular gashi tana shan taba.

"Kin yarda da abin da kike faɗa?"

"Haba Anti. Ni 'yar wasan kwaikwayo ce. Da rana kifi da dankali nake soyawa a bakin gada."

"An ce wani ya nemi ki sayar masa da ƙoƙon."

"Graeme ne ya gaya miki, ko? Munafukin Allah. Ni na kai masa maganar da kaina, har ya tambaye ni nawa mutumin ya taya." Ta busa hayaƙi. "Da zan sata, da ban bari sai ranar da ɗakin ya cika da taɓo ba. Wai an gano inda yake?"

"Tukuna. Wa ya koya miki labarin dutsen?"

"Noelene. Ita ta koya wa kowa. Shekara ashirin da biyu tana yawon nan, dare huɗu a mako. Tun kafin Graeme ya sayi kamfanin."

*

Juma'a da safe Dulcie ta samu Noelene Pascoe a ɗakin ajiye tsofaffin takardun unguwa, inda take aikin sa kai. 'Yar siririyar mace ce mai shekara sittin da bakwai, da tabarau a rataye a wuya. Ta haɗa shayi mai kauri ba tare da an roƙa ba, ta turo faranti da biskit.

"Talata ina gida, mura ta kama ni," in ji ta. "Na gaya wa sajen."

"Allah ya sawwaƙe."

"Rodney mutumin kirki ne. Kullum sai ya ɗaukar min jaka zuwa mota. Za su sake shi, ko? Ai ba su da komai a kansa sai takalmi."

"Takalmin ya ishe su. Litinin za a mayar da shi."

Noelene ta ajiye kofinta. Ta ɗauka, ta sake ajiyewa. "Ana ba su bargo a can? Sanyin nan ba kyau."

"Ana ba su ɗaya."

Suka yi hirar ciwon gwiwa da tsadar wutar ɗumama ɗaki. Dulcie ta shanye shayinta ta yi godiya. Tana saukowa ta kira Voula ta ce a tara sauran masu makullin su uku a shagon ƙarfe biyu, kuma a kwashe katakon bayan ita ta shiga. A cikin ukun, Noelene ce kaɗai ba ta tambayi ko an gano ƙoƙon ba. Amma wannan ba shaida ba ce, kuma Dulcie ba ta taɓa kama mutum da abin da bai faɗa ba.

*

Ƙarfe biyu tana zaune kan kujerar roba a ƙarshen ɗakin, kusa da akwatin da ba komai cikinsa. An kunna ƙwan sama. Su ukun suka tsaya a kan matakala, Voula a bayansu.

"Ku yi haƙuri ku ƙaraso nan," in ji Dulcie. "Gwiwata ba ta son hawa da sauka, kuma kunnena ya yi nauyi. An gama da hotuna. Ku dai bi gefen dama, kada ku taka tsohon sawun."

"Ina katakon?" in ji Tillbrook.

"An mayar ofis," in ji Voula.

Ya naɗe ƙafar wandonsa, ya taho a kan yatsu yana tsaki, ya bi tsakanin ginshiƙan ya taka duk inda ƙafarsa ta faɗa. Tegan ta biyo shi hannu a aljihu, tana taunar cingam, ita ma ta wuce ta kan wurin ba ta ko duba ba. Noelene ta zo ƙarshe. Ta riƙe jakarta a ƙirji, idonta a kan akwatin gilashin, tana ce wa Tegan ta yi hankali da santsi. A taku na bakwai ƙafarta ta buɗe, ta sauka can gaba, ta ci gaba da maganarta.

"Voula, kashe ƙwan."

Dulcie ta kwantar da tocila a ƙasa. Haske ya bi tsakanin ginshiƙan. Sawun Tillbrook da na Tegan sun ratsa wurin. A gefensu akwai dogon taku biyu kusa da juna, ɗaya na takalmin roba, ɗaya na ƙaramin takalmin mata, sun tashi a layi ɗaya sun sauka a layi ɗaya.

"Tegan, kin taka dutsen Anders," in ji Dulcie.

"Ai ba baƙi. Sai da 'yan kallo nake tsallakewa. Kuma wa ke ganinsa a cikin wannan taɓon?"

"Ba mai ganinsa. Ranar Talata ma ba mai ganinsa, kuma ba 'yan kallo." Ta juya hasken kaɗan. "Noelene, ƙafarki ta san inda yake."

Noelene ta sa tabarau, ta sunkuya ta dubi sawun biyu, ta daɗe, kamar mai duba rubutun hannunta a tsohuwar takarda.

"Na tsallake?" in ji ta. "Yanzu?"

"Yanzu. Da ranar Talata, zuwa da dawowa."

Noelene ta yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Babu wani Anders. Ni na ƙirƙiro shi. Makon farko da na fara aiki, mai kamfanin na lokacin ya ce ga ƙoƙo an samu a kan kanta, a nemo masa labari. Na zauna a kicin ɗina na rubuta, sunan ma a jikin gwangwanin kifi na gani. Na faɗi ƙaryar nan sau dubu biyar, ashe ƙafata ta yarda."

"Noelene, ki yi shiru," in ji Tillbrook.

"Na yi shiru tun watan Afrilu, Graeme." Ta buɗe jakarta ta fito da takarda a ninke, ta miƙa wa Voula. "Kwafin wasiƙar Harbottle ce, mai shagon nan na da, zuwa ga ɗan'uwansa, na same ta a cikin takardun unguwa. Ma'aikatansa suna ɗibar yashi a tuddan bakin teku suka tono kabari. Na mutanen ƙasar ne, ya faɗa da kansa. Na kai wa Graeme, ya ce a bari sai bayan sanyi. Ranar Litinin kuma ya ce zai sa shi a taga, masu wucewa su riƙa gani."

"Takarda ɗaya ce, ba hujja ba," in ji Tillbrook. "Kuma kayana ne."

Ba wanda ya dube shi.

"Takalmin fa?" in ji Voula.

"Suna bakin matakala, ni kuma takalmin cocina ne a ƙafata. Wallahi ban yi tunanin komai ba." Ta juya ga Dulcie. "Na yi niyyar kai shi wurin dattawansu da safe. Sai na rasa wa zan kira, da me zan ce. In ce ni ce na yi shekara ashirin da biyu ina haska kakanku da fitila? Kafin in yanke shawara aka kama Rodney. Na ce ai za su gane ba shi ba ne."

"Kin daɗe a tsaye gaban akwatin," in ji Dulcie.

"Haƙuri nake ba shi. Ban san da wane suna zan kira shi ba."

"Wannan kin yi daidai." Dulcie ta dafa sandarta ta miƙe. "Amma mai rai ya kwana biyu a kulle, kina gida kina tunanin bargonsa. Shi ma yana da suna, kuma kin san shi."

Noelene ta laluba cikin jakarta. Ta ce wa Voula akwatin hular da ta sa ƙoƙon yana saman kabad ɗin ɗakin kwananta, ta miƙa makullin gidan.

*

Rodney ya fito ƙarfe biyar da kwata. Noelene tana zaune a benci a ofishin 'yan sanda tana jiran a rubuta bayaninta. Ta miƙe da ta gan shi. Ya tsaya, ya dube ta, ya ce wa Voula yana son takalmansa in an gama da su, ya fita. Hukuma ta soke zaman ranar Litinin.

An tuhumi Noelene Pascoe da ɗaukar abin da ba nata ba, aka bar ta ta koma gida. Ba ta ƙara jagorar yawon ba. Likitocin da suka duba ƙoƙon sun ce na mace ne, mai kimanin shekara arba'in, kuma ta rasu tun kafin a gina tashar. Dattawan Kaurna suka karɓe ta. Dulcie ba ta je ba, ta ce ba huruminta ba ne. Yawon Fitila yana nan yana tashi ƙarfe bakwai, amma yanzu a bakin ƙofar shagon yake ƙarewa.

Asabar da safe Voula ta kai Dulcie tashar mota. Ta karanta mata wasiƙar Harbottle a cikin mota, don idon Dulcie ba ya son ƙananan rubutu. Layin ƙarshe ya ce mutum biyu aka tono. Ɗaya ya ajiye a kan kanta don masu saye su gani, ɗayan kuma yana inda ba zai dami kowa ba.

"Kin tambayi Noelene me ya sa ta zaɓi wannan dutsen?" in ji Dulcie.

"Na tambaya. Ta ce ta bi daɓen tana buga shi da lema, shi kaɗai ya yi wani irin sauti, sai ta ga zai yi daɗin labari."

"Taɓon wurin ya riga sauran bushewa. Ruwa yana samun hanya ta ƙarƙashinsa, akwai rami a ƙasa."

Voula ta kashe motar. "Me ya sa ba ki faɗa ba tun shekaranjiya?"

"Shekaranjiya mai rai nake nema."

Ginin yana cikin waɗanda doka ta hana a taɓa ba da izini ba, kuma dattawan sun ce sai sun zauna a tsakaninsu kafin wani ya sa ƙarfe a wurin. Daren Juma'ar ruwa ya sake hawa, ya shafe sawun duka. Har yau ba a ɗaga dutsen ba.